Mita Huɗu a Gonar Inna Hajo

Mun tashi daga Yamai ana sallame sallar asuba, ran Asabar, ko shayi ban tsaya sha ba don ɗoki. Shekara ashirin da 'yan kai na yi ina alƙalancin wasan ƙwallo, na kori 'yan wasa, na sha jifa da ledar ruwa, amma ban taɓa zumuɗin tafiya kamar wannan ba. Kurfai za mu, ƙasar da aka yanke mini cibiya, kuma ƙwallo ce za ta kai ni. Mu uku ne a mota: ni da igiyar awo a jaka, da abokin aikina mai riƙe takardu, sai direba.

Bari in gaya muku abin da ya fito da mu. Ƙungiyar da ke shirya mana gasar yara ta kawo sababbin ƙa'idoji. Duk kulob ɗin da ke son a ɗauke shi a matsayin makarantar horar da yara, sai yana da mai horarwa mai takarda, yaransa suna lakwal, wato makarantar boko, yana kuma da fili kewayayye wanda tsawonsa bai gaza mita casa'in ba. Wanda ya cika, ba wanda ya isa ya ɗauke masa yaro kafin yaron ya kai sha biyar. Wanda bai cika ba, ba shi ba gasa, kuma manyan makarantun Yamai suna iya zuwa su tsince 'ya'yansa ɗai-ɗai kamar ana tsinkar mangwaro. Wani malamin lakwal mai suna Isufu, a wani ƙauye kusa da Filinge, ya rubuto yana roƙon a zo a duba nasa kulob ɗin da ya shekara tara yana reno. Ran Litinin ake rufe rajista. Shi ya sa aka ce in ɗauki igiya in tafi.

Hanyar, alhamdu lillahi, ta yi mana kirki, in ka cire ramukan da direbanmu ya san su da suna. A kowane shinge jami'an tsaro sai sun leƙa jakata. Wani ya ciro igiyar awon ya juya ta, ya ce, “Baba, filaye kake sayarwa?” Na ce masa filin balo, wato ƙwallo, zan auna. Ya fashe da dariya ya ce in gaishe da yaran.

Hantsi ya same mu a Baleyara. Jajibirin kasuwa ne, don haka garkuna sun fara shigowa ta ko'ina: shanu masu ƙahon da za ka shanya wanki a kai, raƙuma, da tumaki a kan mota sun fi fasinja samun wurin zama. Nan muka karya da kofto, wato kwaɗon zogale da ƙuli, na dala ashirin-ashirin, da fari-masa, irin fanken nan, mai zafi. Abokin aikina ya ce shi ba mai cin safe ba ne. Kwano uku ya tashi da su, ya kuma ƙulla na huɗu a leda wai saboda hanya.

Daga nan ƙasa ta buɗe. Goruba ta jeru cikin dallol, wato kwarin tsohon kogin da ya ƙafe, duwatsu jajaye sun tsaya can gefe, gonakin hatsi kuwa hagu da dama an fara yanka. Amalanken jakuna sai wucewa suke da damma, an tula har ba ka ganin mai tuƙi. A Bonkuku muka sayi cuku a hannun wata mata mai baƙin rawani na zane, ta rantse mana da safen nan aka shanya shi. Haƙorina ya ba da shaidar cewa ya kwana bakwai. Ni dai tun daga nan bakina bai rufu ba, ina ta nuna wa abokan tafiya wurare, har direba ya ce in bar shi ya ga hanya.

Mun shiga Filinge da azahar. Garin ya ƙara girma, amma muryar mutane tana nan yadda na bar ta. Da mai fura ya ce mini, “Alhaji, hura ta nawa za a dama maka?” sai na ji kamar an sauke mini kaya daga ka. Muka yi sallah, muka sha furar da ba ruwanta da sukari, sannan muka kama hanyar rairayi zuwa ƙauyen.

Isufu na tsaye bakin gari yana jiranmu, dogo siriri, da alli a gefen wandonsa. Bayansa yara sun fi talatin, sun jeru cikin riguna iri-iri da aka rubuta wa lamba da fenti. Suka tafa mana, suka rera waƙar kulob ɗinsu. Takardu kuwa tsaf: shaidarsa ta horarwa, takardun haihuwar yara, sunayen azuzuwansu, duk cikin wata tsohuwar jakar buhu. Abokina ya duba ya ce ko a Yamai bai ga tsari irin wannan ba. Sai na ce, “To, Mushe, kai mu fili,” don haka ake kiran malamin lakwal a can.

Ya yi gaba muna biye, har muka tsaya bakin wata gona. Hatsi ya fi ni tsawo, zangarniya ta nuna ta sunkuyo. Na waiga hagu, na waiga dama. Na ce, “Ina filin?”

Ya sosa ƙeya ya ce, “Ga shi nan gabanka, Alhaji. Da damana gona ta, da rani hili na.”

Ashe gonar mahaifinsa ce. Wata huɗu tana ciyar da gida, wata takwas yara na buga ƙwallo a kanta. Bana ruwa ya yi jinkiri, girbi ya ja baya, shi kuma ya zaci sai wata mai kamawa za mu zo. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na ce masa ni ba a aiko ni awon hatsi ba, kuma takarda ba ta san damana ba. Wani dattijo da ke gefe ne ya tambaye ni yaushe za mu koma. Na ce jibi da safe. Ya ce, “To ai da sauran rana. Gobe gayya.”

Jama'a, in ba ku taɓa ganin gayyar Kurfayawa ba, ba ku ga aiki ba! Gari na wayewa makaɗi ya saɓa ganga. Maza suka faɗa gonar da 'yan wuƙaƙensu suna yanke zangarniya, wasu na ɗaure damma, samari na bin baya suna sare kara. 'Yan ƙwallon su aka bar wa tone tushiya da tsince ƙarangiya, kowa da tsumma a hannu. Mata suka jero da ƙoren fura da dambu. Karan da aka sare ma bai tafi a banza ba: nan take tsofaffi suka zauna suna ɗaure shi, ana kafa darni kewaye da wurin. Ka ga shingen da doka ta nema ke nan, daga gonar ya fito. Ni da na zo da babbar riga ban san lokacin da na tuɓe ta na ɗauki dami ba. Bayana yana nan yana ba ni labari har yau.

Kafin azahar gona ta zama fili, shimfiɗe, fes. Aka kafa turakun raga. Gari kaf ya taru, makaɗi ya yi shiru, na ciro igiya. Faɗi ya cika har da rara, aka yi guɗa. Na koma tsawo. Na ja igiya sau ɗaya, hamsin. Na sake ja, ta tsaya a talatin da shida. Na ce a sake. Muka sake, har sau uku. Tamanin da shida. Mita huɗu babu.

Ta gabas ba dama, don wani ƙaton gawo ne a wurin, kuma kowa ya san abin da ke biyo bayan wanda ya sare gawo. Ta yamma kuwa 'yar gonar wata tsohuwa ce, Inna Hajo, shuke da yakuwa da kuɓewa. Yakuwar ko nuna ba ta yi ba, kuma da 'ya'yanta tsohuwar ke yin daddawar da take sayarwa ta ci shekara.

Abokina ya ja ni gefe ya raɗa mini: “Rubuta casa'in mana. Wa zai zo nan da igiya?” Na ce masa ni ban taɓa ba da fanaretin da ban gani ba, ba kuma yau zan fara ba. Ban da haka ma, akwai masu zuwa. A cikin yaran akwai wani Laminu, ɗan sha uku, bahago, wanda mutanen wata babbar makaranta a Yamai sun riga sun zo kallonsa sau biyu. Ranar da suka ji an hana su shi, da tasu igiyar za su zo, a soke kulob ɗin gaba ɗaya, a kuma kira Isufu maƙaryaci. Na faɗi haka da ƙarfin hali. Na dubi Isufu, ya tsuguna ya dafe kai. Shekara tara za ta tafi a kan taku biyar.

Na ce a roƙi tsohuwar mana. Isufu ya girgiza kai. Ya ce Inna Hajo ita ce kakar Laminu, ita ke riƙonsa, kuma duk garin ba wanda ya kai ta ƙin ƙwallo. Duk ƙwallon da ta faɗa gonarta sai ta kwana uku a rumbu kafin a sako ta. A ganinta ƙwallo ce za ta raba ta da jikanta. Ko gayyar ma ba ta zo ba.

Muna cikin haka sai ga ta, 'yar ƙarama, da sanda, ta tsaya kan iyakar gonarta.

“Kai, mai igiya, taho nan. Ɗan wa kake?”

Na rusuna na gaishe ta, na faɗi sunan mahaifina da garinmu. Ta ce ta san gidan, masu taurin kai ne. Sannan ta ce in gaya mata abin da ya sa gari ya yi tsit kamar an yi mutuwa. Na yi mata bayani dalla-dalla, yadda na yi muku. Ta saurara, ido a kan jikanta da ke tsaye cikin yara.

“In hilin ga ya cika, mutanen Yamai ba su ɗaukar min yaro?”

“Ba su isa ba, Inna, sai ya kai sha biyar.”

“In bai cika ba fa?”

“Ko gobe suna iya zuwa.”

Ta ƙirga da yatsu. “Damana biyu ke nan.” Sannan ta ce, “Ubanshi ya tahi Libiya. Ƙannen ubanshi sun tahi Abijan. Kowa da 'yar jakka tai, ya ce min yana dawowa. Shi ma wanga na san tahiya za shi yi, ban da wauta. Amma damana biyu ba abin yasarwa ba na.”

Ta jingine sandar, ta sunkuya, ta kama gindin yakuwar farko ta tumɓuke da hannunta. Samari suka zabura za su taya ta, ta daka musu tsawa: “Ku dakata! Mai igiya shi nuna min inda mita huɗunshi ta tsaya. Ko taƙi ɗaya ban ƙara muku.” Na auna, na kafa tsinke. Layi shida na yakuwa suka tafi. Na sake jan igiya daga gindin gawo har tsinken, na ce, “Casa'in!”

Kai! Ban san ƙauye ɗaya na iya yin ƙara haka ba. Ganga ta ɓarke, mata na guɗa, yara suka ɗaga Isufu sama yana kuka yana dariya. Abokina ya buga hatimi a kan takarda da ƙarfin da ya kusa huda ta. Da la'asar aka yi wasan buɗe fili, aka ce lallai ni zan hura. Ƙafa ba takalmi, ƙasa da sauran tushiya, amma na ga ƙwallo! Laminu ya ci biyu da hagunsa, ɗaya daga kusan tsakiya. Na kuma ba shi katin gargaɗi don ya yi mini gardama, doka doka ce. Kakarsa ba ta kalli wasan ba. Tana can gefe tana tsinke ganyen yakuwar da aka tuge tana zubawa a ƙwarya, kada ya lalace.

A Filinge muka kwana, Litinin da sassafe muka juyo. An cika mana bayan mota da damin hatsi biyu da guna, ga wata 'yar leda ta busasshiyar kuɓewa da aka ce daga Inna Hajo, wai in kai wa mai ɗakina. Baleyara ta watse, sai kashin shanu da 'yan tsince-tsince. Abokina ya nemi mai kofto bai same ta ba, ya yi fushi har Yamai. Mun miƙa takarda saura awa biyu a rufe, aka sa sunan kulob ɗin Isufu a jeri, tsakanin manyan da ke da motoci da ciyawa.

Na dawo gida da ciwon baya da farin cikin da na daɗe ban yi irinsa ba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, mu da ke zama a ofis muna rubuta casa'in, ba mu san gonar wa za ta ci ba. Dokar tana da kyau, ita ce ma ta tsare yaron a gida. Amma ba mu muka biya ta ba, tsohuwa ce ta biya da miyarta ta shekara. Na faɗa wa shugabanninmu haka a taro, ban tauna ba. Ni ma ina da sha uku aka sa ni mota daga Kurfai zuwa lakwal, kuma sai a wannan tafiyar, da furfurata, na tambayi kaina yadda tawa uwar ta ƙirga damunan da suka biyo baya. Ba ta nan balle in tambaye ta.