Hagu, Maigida, Hagu

Ku matso inuwar nan, a shimfiɗa tabarma, wanda ya zo da goro ya ɓara ya miƙo. Yau labarin Tanimun direba zan ba ku, mutumin Tajaye da ya ƙare rayuwarsa a Birnin Konni, can bayan tsohuwar tasha. Ba attajiri ba ne, ko ƙofar lakwal, makarantar boko ke nan, bai taɓa shiga ba. Amma in ka tambayi tsofaffin tasha su wa suka fi sanin hanyar Sakkwato a da, za su ce maka mutum biyu ne: Tanimun da akunsa.

Cirani ne ya fito da shi daga Tajaye yana saurayi. Ya yi dako a Malbaza tun kafin a gina gidan siminti, a nan ya koyi tuƙi, daga nan Alhaji Lurwanu, wani falken albasa, ya damƙa masa makullin babbar motarsa. Tanimun sai ya ɗora albasar Galmi da wake ya nufi Sakkwato, ya juyo da goro da atamfa da kananzir. Mutum ne siriri, marar yawan magana, mai murya kamar ana jan galma a kan tsakuwa.

To, ga abin da yaran yanzu ba su sani ba. A wancan zamani mu nan Nijar hannun dama muke bi a hanya, su kuwa can Najeriya, wadda tsofaffi ke ce wa ƙasar Ingilishi, hagu suke bi. Da an ɗaga maka sandar ƙarshe ta duwan, wato kwastan, ka nufi Illela, ta Najeriya nake nufi ba tamu ta arewa ba, sai ka tsallaka ɗaya gefen. Direbobi nawa mantuwa ta jefa rami a wannan ɗan tsakanin!

Matarsa Kyauta 'yar Gwadabawa ce, ta can ƙetare. Kusan duk wata sai ta bi shi a gaban mota ta je gaida tsohuwarta. Mace ce mai raha, amma tsoron mota gare ta kamar me. Da sanda ta ɗaga sai ta dafe ƙirji ta ce, “Hagu, Maigida, hagu!”

“Na sani, Kyauta. Shekara nawa ina bin hanyar ga?”

“Ka sani, amma hannunka na Faransi ne. Hagu dai!”

A dawowa ba ta cewa komai. Ta ce hannu ba ya mance hanyar gida.

Akun kuwa a kasuwar Sakkwato ta gan shi, hannun wani mutumin kudu, toka-toka mai jan wutsiya, ya takure a keji ko kallon mutane ba ya yi. Ta nace sai da aka saya. Ta raɗa masa suna Ɗan Kurmi. Tun daga ranar, in za ta bi mota kejin na bisa cinyarta, tana ɓare masa gujiya tana ba shi.

Ranar da suka fara shigowa da shi an yi dariya a duwan. Akwai wani ma'aikaci Halilu, sabon zuwa, mai son komai ya tafi bisa takarda. Ya leƙo ya ga tsuntsu, ya ce, “Wanga fa? Haja ne ko fasinja?”

Kyauta ta ce, “Ɗana ne, Mushe,” wato yallaɓai a bakin Faransi.

“To ina takardar ɗan naki?”

Aka aika aka kira likitan dabbobi. Ya zo bisa keke, ya ce shi dai shanu da awaki aka koya masa, amma bari ya duba. Ya buɗa fiffike, ya leƙa baki, Ɗan Kurmi ya kafa masa cizo a yatsa. Likita ya yarfe hannu ya ce, “Lafiyarsa lau, har ta yi yawa.” Ya rubuta 'yar takarda ya buga hatimi. Tanimun ya naɗe ta cikin fata kamar laya ya rataya jikin kejin. A ɓangaren Najeriya kuwa ba su taɓa tambaya ba; cewa suke ɗan ƙasa ne ya zo ganin gida.

Haka aka yi shekara biyar. Sai damina ta 1968, Kyauta ta kwanta da zazzaɓi, kwana huɗu Allah ya karɓi abinsa. Ta bar masa 'ya ɗaya, Hawa'u, wadda ta riga ta yi aure a Tsarnawa, da kuma tsuntsu a keji.

Bayan sadakar arba'in Tanimun ya koma aiki. Ba wanda zai bar wa akun a gida, sai ya ajiye kejin a kujerar da take zama. Tun daga Konni tsuntsu bai ce uffan ba. Suka isa duwan, Halilu ya yi masa gaisuwa, ya danna dutsen da ke gindin sanda, sanda ta ɗaga tana ƙara ƙiiii, kamar kullum. Sai kawai aka ji, “Hagu, Maigida, hagu!”

Muryarta ce. Ba kama ba, ita ce, har da ɗan jan da take yi a ƙarshe. Tanimun ya taka birki, ya kifa kai bisa sitiyari. Halilu ya tsaya riƙe da igiyar sanda har motoci uku suka taru a baya.

Abin mamakin, Ɗan Kurmi ba ya faɗin wannan magana a ko'ina sai nan. A gida yana kwaikwayon kukan jaki, da mai tallan fura, da tarin Alhaji Lurwanu. An roƙe shi, an ba shi gujiya da dabino, ya ƙi. Sai sanda ta ɗaga. Saboda haka Tanimun, wanda a da yake ƙorafin hanyar Sakkwato ta cinye masa baya, ya zama shi ke roƙon a ba shi lodi. Sauran direbobi suna tsokanarsa, “Tanimun, a gaida uwargida in an isa iyaka!” Shi kuwa sai ya murmusa ya ce za ta ji. Shekara huɗu yana tsallakawa, ana ce masa hagu, yana amsawa a hankali, “Na sani, Kyauta.”

Sai bazarar 1972 Najeriya ta koma hannun dama irin namu. Rediyo ta yi ta shela, aka kafa alluna, direbobin tasha suka yi murna an huta da sauye-sauye. Tanimun ma ya sani sarai. Ranar lodinsa na farko tun daga gida yake ce wa kansa dama, dama, dama. Amma sabo turken wawa. Sanda ta ɗaga, murya ta ce hagu, hannunsa ya bi ta tun kansa bai farga ba. Ɗago idon da zai yi, sai ga motar fasinja cike da mata 'yan kasuwa ta nufo shi ƙiri-ƙiri. Ya fizge sitiyari ya faɗa gonar wani. Allah ya tsare, ko ƙwarzane babu wanda ya yi, sai dai buhunan albasa sun watse har ƙarƙashin ƙaya, matan kuma sun sauko sun zage shi tas.

Alhaji Lurwanu bai yi faɗa ba. Ya kira shi zaure, ya sa aka kawo ruwa, ya ce, “Tanimun, shekara goma ban taɓa jin kanka ba. Amma rayukan mutane ba abin wasa ba ne. Ko dai tsuntsun ga shi zauna gida, ko ka aje mini makulli. Ka tahi ka yi shawara.”

Ya gwada duk dabarar da za ku kawo. Ya lulluɓe kejin da zane. Tsuntsu ya yi shiru, shi kuwa ya ce ɗaukar aku a rufe da barinsa gida duk ɗaya. Ya kai shi Tsarnawa wurin Hawa'u ya yi tafiya ɗaya shi kaɗai. Sanda ta ɗaga, ba wanda ya ce masa komai, ya ce ji ya yi kamar ranar aka fita da gawarta. Da ya dawo ya tarar Ɗan Kurmi ya ƙi ci, ya fige gashin ƙirjinsa.

Hawa'u ta ce, “Baba, tsuntsu ne fa. Inna ta riga mu gidan gaskiya. Ka bar aikinka don tsuntsu, mi za ka ci?”

“Na san tsuntsu ne, ɗiyata.”

“To?”

Ya ɗauki kejinsa ya koma Konni.

Halilu ne ya kawo shawarar da ta fi kama hankali: a koya masa cewa dama. Tanimun ya zauna gaban keji da gujiya, safe da yamma, yana ta maimaitawa. Rana ta shida tsuntsu ya karkata kai ya ce, “Dama.” Da wace murya? Da ta Tanimun, mai kama da jan galma. Ya ga in ya ci gaba, wata rana sanda za ta ɗaga ya ji muryar kansa, tata ta shafe ke nan har abada. Ya tattara gujiyar ya mayar aljihu.

Da safe ya je zauren Alhaji ya ajiye makulli bisa buzu.

“Ka tabbata?”

“Na tabbata, Alhaji. A yahe mini albasa.”

“Kai dai Allah shi shirye ka,” in ji Alhaji, yana kawar da kai don kada a ga idonsa.

Ya samu wata tsohuwar ƙaramar mota yana jigilar siminti tsakanin Malbaza da Konni, hanyar da ba iyaka ba sanda. Samu ya ragu, babbar riga ta koma guda ɗaya ta Juma'a. Amma ranar kasuwar Illela ta farko, sai ga shi ya hau amalanken wani maƙwabci, keji a hannu, har duwan. Ya sauka ya bi ta gefen sanda, inda masu ƙafa ke ratsawa. Tsuntsu ya yi tsit. Ya dawo ya sake ratsawa. Shiru. Ya tsaya tsakiyar rana, fuskarsa ta yi wani iri, kamar wanda ya sayar da gona ya tarar kasuwa ta watse.

Halilu na kallonsa daga rumfa. Ya taso ya gyara hularsa ya daka tsawa irin ta aiki, “Kai mai babbar mota! Koma baya, ka biyo tsakiya! Ina takardar fasinja?”

Tanimun ya koma, ya tsaya gaban sanda, ya nuna layar fatar nan da ta yi baƙi don tsufa. Halilu ya duba ta sama da ƙasa kamar bai taɓa gani ba, sannan ya je ya danna dutse. Sanda ta tashi, ƙiiii.

“Hagu, Maigida, hagu!”

“Na sani, Kyauta,” in ji shi. Ya koma gefen hagu ya kama tafiya a ƙasa. Mai ƙafa kuwa hagun ce ta fi masa, don yana ganin motar da ke tahowa.

Daga nan abin ya zama al'ada. Aka yi wa Halilu canjin wuri, ya bar wa na bayansa wasiyya, su ma suka bar wa na bayansu: ranar kasuwa akwai tsohon da ake ɗaga wa sanda ko da a ƙafa ya zo. Masu goro da masu rake har tsayawa suke su ji. Ya yi ta zuwa har gwiwa ta gaza.

Hawa'u, har ta tsufa, cewa take mahaifinta ya yar da sana'a saboda kalma uku. Halilu kuwa cewa yake bai taɓa ɗaga sanda ga wanda ya fi shi sanin inda za shi ba. To ku fa, da ku ne aka ce ku zaɓa, makullin za ku riƙe, ko kejin?