Zanen da Ya Toshe Numfashin Akori-kura

Ban yi boko ba, faɗa nake ana rubuta mini. In muryata ta karye a yi haƙuri, bara maigidana ya rasu.

A Liman Abaji na tashi, a ɗakin kakata, shekarun da aka karɓi mulkin kai. Da an ci tuwon magariba sai mu kewaye murhu, tana gasa mana doya a toka. Ba ta fara tatsuniya yadda kowa ke farawa. Cewa take, "Ga ta nan tafe, ku matsa mata." Ni kuma ƙawata take ce mini.

Akwai wadda ta fi so, ta Mai da ƙanwarsa Iska, waɗanda uwarsu ta bar wa fitila ɗaya. Mai ya ce shi ne babba, ya kori Iska, ya toshe ƙofa da taga. Fitila ta turnuƙe, ta baƙanta ɗaki, ta mutu. Iska ta dawo a fusace, ta banke ƙofa, aka kunna fitilar ta hure ta. Sai da kowa ya rage nasa suka ga haske.

"Ƙawata," in ji Kaka, tana nuna gindin tukunya, "in kin ga baƙi haka, kada ki ƙara itace. Wutar ce ba ta numfashi."

Bayan yaƙin basasa, lokacin da fetur ya yi araha, maigidana ya samu akori-kura yana ɗauko doya daga Panda. Ya sa an ƙara mata sifirin, an ɗora bodin katako, an sa mata kafireto, wato abin haɗa mai da iska, na wata babbar mota. Ta yi wata biyu lafiya, sai ta fara zuba baƙin hayaƙi, tana mutuwa a kan hawa. Kanikawa suka canza filogi sau uku. Shi kuwa kullum ƙara mata mai yake, wai kaya sun yi mata nauyi. Da ya gaji ya ce ranar Juma'a zai rabu da ita ya tafi Legas neman aiki, ya bar ni da goyo.

Ranar Alhamis da hantsi na kai masa koko yana gaban bonet. Na ga filogi a hannunsa, baƙi ƙirin.

Na ce, "Maigida, motar nan ta ƙoshi. Numfashi take nema."

Ya yi dariya. "To, bakanikiya! A murhu kika koyo?"

"A murhu. Ta ina take shaƙar iska?"

Ya nuna mini. Sai ga tsohon zanena ninki huɗu, ya ɗaure a bakin kafireton don kada jar ƙasar hanya ta shiga. Ƙasa da maiƙo sun mai da shi kamar fata. Ya kwance shi, ya rage man da ya ƙara, ya wanke filogi, ya tayar. Hayaƙin ya washe muna tsaye. Ya ɗauki kokon ya shanye duka.

Bai je Legas ba. Na daɗe ina ganin mota Kaka ta gyara mana, sai yanzu na gane miji ta tsayar mini a gida har muka tsufa tare.

Bara numfashinsa ya yi nauyi. Na duba ko'ina, babu abin da zan kwance. Ina kuka har gobe, amma a hannuna ya cika, a Keffi, a ɗakinmu. Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Kaka. Na gode.