Hawainiyar Madam a Kan Ramar Dije

Har yau ranar da aka kawo mana hawainiya ajiya a asibitin dabbobi ba ta fita daga raina ba. Ku da kuka shigo aikin nan yanzu, abin da ya shige muku duhu sai ku latsa waya. Mu a zamaninmu sai dai ido da tambaya.

Shekarun kiriz ne, wato matsin tattalin arziki, lokacin da aka zaftare albashi, aka yi ta sallamar ma'aikata. Ni ma guguwar ta kwashe ni daga inda nake gadin sito. Na daɗe a zaune a gida a unguwarmu ta Briqueterie, matata Dije ce ke riƙe da mu da kwaɗon rama da take sayarwa a layin masu soya, wato masu tsire. Ramar ma ita ta shuka abarta a ɗan filin bayan ɗakinmu. Daga baya Allah ya haɗa ni da wani likitan dabbobi da ya buɗe ƙaramin asibiti a unguwar Tsinga, muna ce masa Doktor. Ya ɗauke ni mai kula da keji: shara, wanka, ba da abinci, da riƙe dabba in za a yi mata allura. Akwai kuma abin da ake kira pansiyon, wato mai dabba zai yi tafiya, ya bar mana ita mu ciyar har ya dawo.

A lokacin, wa ke da kuɗin kai kare asibiti? Wata Baturiya malamar makaranta ce ke riƙe da asibitin, ita da ƙawayenta da take turo mana. Madam kawai muke ce mata. Da hutu ya zo, ta kawo karnukanta pansiyon kamar yadda ta saba, sai ga ta da wani ɗan keji na waya a hannu. Na leƙa, na ja da baya. Hawainiya ce, koriya shar, ido ɗaya yana kallona, ɗayan yana kallon ƙofa. Mu da muka taso ana tsorata mu da ita, yau ga ta an raɗa mata suna, har ana yi mata sallama da hawaye. Na ce a raina, in da ranka ka sha kallo.

Da Madam ta tafi, Doktor ya ce, “Sale, fara take ci. Ka samo mata.”

Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Da yamma na biya wurin wata mai sayar da fara 'yar garin Maroua a unguwarmu, na sayo soyayyiyar fara, na ma roƙe ta ta rage yaji tunda baƙuwa ce. Da safe na zuba a murfin kwalba na tura cikin keji. Doktor ya shigo ya gani, ya yi dariya har da riƙe tebur. Sannan ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Hawainiya ba ta san mataccen abu a matsayin abinci ba, sai abin da ke motsi. Ruwa ma ba kasafai take sha a kwano ba, sai ɗigon da ke kan ganye. Farar dai ni na cinye abata.

Na koma kamun fara mai rai a ciyawar bakin hanya, ni da gemuna, mutane na wucewa suna kallona. Na zuba mata, farar na ta tsalle har tana hawa bayanta, amma ko kallo ba ta ishe ta ba. Abin ya ɗaure mini kai. Ga abinci mai motsi, to me kuma ya rage? Kwanaki suka ja, korenta ya koma baƙi-baƙi, idanunta suka faɗa, ta lafe a ƙasan keji.

Ranar wata Asabar Doktor ya daɗe tsaye a kanta. Ya ce, “Tsoro ne. Haushin karnuka, ga mu muna leƙe, ga babu ganyen da za ta ɓuya. Nan duk siminti ne, ni kuma a bene nake. Kana da shuka a gida?”

Na ce, “Akwai ramar matata.”

“Ana yi mata feshin magani?”

“Doktor, a kiriz ɗin nan? Ƙwari ma sun san ba mu da kuɗin magani.”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Tafi da ita. Ba zan ɓoye maka ba, in ta mutu Madam ta tafi da ƙawayenta, ni kuma ba ni da abin biyanka.” Ni kuwa na san zaman gidan da zan koma.

Na shiga gida da keji a lulluɓe cikin buhu. Dije ta ɗaga buhun, ta saki salati, ta ja zanenta. Da ta ji abin da nake nufin yi, sai ta riƙe ƙugu ta ce, “Malam, tun ina yarinya nake jin maganar nan, ban san ni aka yi wa ita ba. Hawainiyarka ta kiyayi ramata.”

Ba wasa take yi ba. In masu sayen kwaɗo suka ji abin da ya taka ganyen, kasuwarta ta mutu, mu kuma da ita muke ci. Na lallashe ta, na gaya mata abin da Doktor ya ce. Daga ƙarshe ta ce, “Gindi ɗaya, na can jikin katanga. Kuma ba na son maƙwabta su ji.”

Washegari bayan asuba na ɗora ta da kara a kan ramar, na yayyafa ruwa da hannu, na koma bakin ƙofa na tsuguna. Ta daɗe ba ta motsa ba. Sai da rana ta fara taɓa ganyen, na ga ta miƙa baki tana lasar ɗigon ruwa. A hankali baƙin ya fara washewa. Ta ɗaga ƙafa ɗaya, ta yi gaba, ta yi baya, tana rangaji kamar iska ce ke kaɗa ganye, sannan ta ajiye. Idanun nan kowanne da harkarsa. Can wata 'yar fara ta sauka a reshen gaba tana cin ganye. Sai na ga idanun biyu sun haɗu a wuri ɗaya. Ta buɗe baki kaɗan, kan harshen ya leƙo, ta tsaya. Wallahi ban ga fitarsa ba, komawarsa na gani, ya fi jikinta tsawo, da fara manne a bakinsa. Tana ta tauna, ƙafafun farar a waje.

Ashe Dije na tsaye a bayana da tsintsiya a hannu. Ta ce, “Waccan farar ta daɗe tana ɓata mini ganye.”

Hawainiyar ta yi sauran hutun a bayan ɗakinmu, da rana a kan rama, da magariba a keji. Har gindi na biyu Dije ta ƙara mata ba tare da na roƙa ba. Madam ta dawo ta tarar da abarta koriya, Doktor ya ba ta shawarar ta sa mata shuka a kejin, ni kuma na ci gaba da aikina har na tsufa a cikinsa.

Amma abin da ya zauna mini shi ne sauran maganar Dije a safiyar nan. Na ce mata, “Ni abin da ban gane ba, irin farar nan ce fa na yi ta zuba mata a gabanta, ta ƙi.”

Ta dube ni, ta ce, “Kai ne ba ka gane ba? Lokacin da kake zaune a gida, sau nawa na ajiye maka kwano ka juya masa baya, ka ce ba ka jin yunwa? Ranar da ka fara aikin nan, har ƙanzo ka kankare.”

Ban taɓa sanin ta lura ba, kunya da tausayinta suka rufe ni lokaci guda.

Shi ya sa nake gaya muku, in dabba ta ƙi abinci, kada ku tsaya a kan kwano. Ku duba inda aka ajiye ta, da abin da aka hana ta yi wa kanta. In kuma mai ita ya shigo muku a rame, ya ce shi ba ya jin yunwa, ku ba shi kujera tukuna.