Ranar da Yaya Ta Rage Gudu

Yayata tela ce, kuma tun muna yara ƙafarta ba ta san zama ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan tana gudun dogon zango. A gasar da ake yi duk shekara, maza da mata tare suke tashi, amma takardar sakamako biyu ake mannawa a bango. A ta mata ita ce ta ɗaya. Da za a sa ta a ta maza, ta goma sha takwas ce. Masu surutu sai su ce, "Kin gani? Namiji namiji ne." Alhali su ko titi suka tsallaka sai sun yi haki.

Ni ba lambar ce ke damuna ba, kaɗaicin ne. Mata sun ce ta fi ƙarfinsu. Mazan ƙungiyar gudunsu kuwa, duk wanda ta wuce sai gwiwarsa ta fara ciwo, ya daina zuwa. Aka bar ta da mutum ɗaya, Mai Walda na bakin titinmu, wanda ba ta taɓa wucewa a gasa ba. Kullum da safe yakan ƙwanƙwasa ƙofar shagonta da mukulli, su tafi. Ba sa hira. Ta ce mini jin takun wani a gefenta ya ishe ta.

A gasar bara, saura kaɗan a kai ƙarshe, ta hango shi a gabanta yana jan ƙafa. Ta san abin da ke biyo baya in ta wuce shi. Sai ta rage gudu, ta dafe ciki kamar mai ciwo, ta shigo bayansa da taku biyar.

Washegari ba a ƙwanƙwasa ba. Kwana uku tana kan keken ɗinki da takalmin gudu a ƙafa, kunnenta na ƙofa. Na ji tausayinta har raina ya ɓaci. A na huɗu ta je rumfarsa.

"Malam, lafiya? Ko kai ma gwiwar ce?"

Ya ɗaga gilashin walda daga fuskarsa. "Tela, shekara shida ina jin numfashinki. Na san na gajiya, na san na ƙarya. Da kin wuce ni, wallahi ni zan fara tafa miki."

Ya mayar da gilashin, ya ci gaba da aikinsa.

Har yau tana fita da safe, ita kaɗai. Gudunta ma ya ƙaru, tunda ba wanda take jira. Bana maza goma sha ɗaya kawai suka riga ta. Ni na je na ƙirga mata, don ita ko takardar ba ta tsaya dubawa ba.