Maganin Mai Lafiya

Na yi shekaru ina aikin jinya a wani ƙaramin asibiti a Yelwa, kuma duk wanda ya taɓa zama a bencin ƙofar ɗakina ya san ina da faɗa. Ban taɓa musun haka ba. Idan na rubuta wa mutum ranar dawowa ya tsallake ta, ranar da ya zo sai kunnensa ya gaya masa, ko da gemunsa ya kai ƙirji. A ganina na lokacin, faɗan ma yana cikin maganin.

Ɗakin nawa na masu cutar ƙanjamau ne. Daga baya aka ƙara mana aikin ba da ƙwayar kariya ga waɗanda ba su da cutar amma suna zaune da mai ita, kamar matar da mijinta ya kamu. Ƙwaya ɗaya ce kullum. Haɗiyarta ba wuya, wuyar ita ce mai lafiya ya yarda ya sha magani alhali ko kansa ba ya ciwo. Mutanenmu sun san magani na maras lafiya ne, kamar yadda kunun kanwa yake na mai jego.

Cikin waɗanda na fara ba wa akwai wata mai bandar kifi, daga wata tunga a bakin tafki can wajen Ngaski. Mijinta masunci ne. Gwajinsa ya nuna yana da cutar, nata ya fito lafiya. Na ɗauka za ta ce a mai da ita gidan iyayenta, don na ga haka ba sau ɗaya ba. Sai ta gyara mayafi ta ce, "To Malama, ni mi za ni sha?" Tun ranar ta shiga raina. Kafin ta yi sallama hayaƙin banda ya riga ta shigowa, ni kuwa in ce mata kullum ƙanshin take kawo mini, kifin yana gida.

Na zaunar da su tare na yi musu bayani. Shi zai sha nasa kullum har cutar ta kwanta a jininsa, ita kuma ta riƙe nata kafin nan, kada ta tsallake ko rana ɗaya. Da yake jirgin ranar kasuwa ne kawai ke kawo su, na riƙa ba su na wata uku-uku. Sau ɗaya mijin ya makara da mako biyu, wai kifi ne ya samu. Na wanke shi tas a bakin ƙofa, mutanen benci suna ji. Ya tsaya yana ta murza hularsa a hannu. Ranar na koma gida ina jin na gyara mutum.

Zuwa na gaba ita kaɗai ta shigo, a ranarta daidai, ta ajiye robar maganinta a kan tebur. Na girgiza, babu ko ƙwaya.

Na ce, "Ga mace. Ina gwanin naki, ko kifin ya sake riƙe shi?"

Ta yi ɗan murmushi. Na ɗauko abin gwaji, don ƙa'ida ce sai an gwada mutum kafin a ƙara masa. Na soki yatsarta, na ɗiga jinin, na ajiye muna jira. Sai ta sassauta murya ta ce, "Malama, in da hali, yau ki ba ni roba biyu."

"Biyu na me? Miya za ki kaɗa da shi?"

"Wanga dai ba ni nis shanye shi ba. Maigida nib ba."

Na ajiye biro. A hankali ta ba ni labarin. Mijin yakan yi kwana uku ko huɗu a kan ruwa, don haka da robarsa yake tafiya. Mako shida da suka wuce iska ta kifar masa da kwale-kwale. Shi ya fita da ƙyar, maganin kuwa ruwa ya shiga ya mai da shi kamar ƙullu. Ta ga yana zaune ba magani, ga nata a ajiye, sai ta tura masa.

Ta ce, "Shi ne ba lahiya, ni lahiyata lau. In haɗiye ina kallonai? Ko tuwo ya rage kaɗan, ai wanda ba shi jin daɗi aka tura ma."

Raina ya ɓaci, kuma tsoro ne ya ɓata shi. Nata maganin haɗi biyu ne, nasa haɗi uku. Ba zai riƙe masa cutar ba, yana ma iya sa ta yi taurin kai. Ita kuma mako shida ke nan tana ɗaki ɗaya da shi babu kariya. Na dubi abin gwajin, jinin yana hawa a hankali. In layi ɗaya ya fito ta tsira, in biyu ne ta kamu. Na fara faɗa yadda na saba. Na ce don me bai zo ya karɓi wani ba, asibitin ƙaura ya yi ko kuwa jirgi ya daina zuwa Yelwa?

Ta bar ni sai da na kai aya, sannan ta ce, "Na ce mai mu zaka. Yac ce gara shi haƙura har ranatai ta yi, da shi tsaya gabanki shi ce magani ya lalace hannunai. Wancan karon kwana ukku bai ci abincin kirki ba."

Ba da zafi ta faɗa ba, da ma da zafi ne da na sami abin mayarwa. Na zauna ina kallon tebur, hular nan da yake murzawa ta dawo mini. Na ji kunya ƙwarai. Na san in layi na biyu ya fito, ruwa yana da laifi, ita ma tana da nata, amma bakina ne ya hana shi zuwa. A aikina ban taɓa jiran gwajin da ya yi mini tsawo kamar wannan ba.

Layi ɗaya ne. Na ɗaga shi wajen taga na sake dubawa, ɗaya ne dai. Na gaya mata, na ƙara da cewa sai mun sake bayan wata guda, don cutar da ta shiga kwanan nan ba ta nuna kanta da wuri. Na ce kuma ba za ta zauna lafiya ba sai shi ya koma kan nasa.

Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ko kallon abin gwajin ba ta yi ba. "Ai shina bakin ruwa cikin jirgi tun da sahe. Yac ce in hwara zuwa in ga yadda kinka tashi yau."

Na cire safar hannu, na roƙi abokiyar aikina ta riƙe mini ɗakin, muka tari kabu-kabu biyu. Kasuwar kifi ta cika, muka ratsa ta tsakanin kwanduna da masu ciniki har gaɓa. Yana zaune a gefen jirgi ya juya wa gari baya. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ya waiwayo ya gan ni sai ya miƙe, ya cire hula, ya sunkuyar da kai yana jiran abin da ya saba.

Na ce, "Sannu da ruwa, Malam. Ashe haka abu ya faru. Allah ya ƙara tsarewa."

Ya ɗago ya dube ni, sannan ya dubi matarsa.

Ta ce, "Ita ta dai. Sa hularka mu tahi."