Idon Ajiyar Gwadabe Direba

A Durba, idan ka ce Gwadabe kawai za a tambaye ka wanne, amma idan ka ce Gwadabe Direba ko yaron da bai gama iya magana ba zai nuna maka gidan. Gajeren mutum ne mai faɗin kafaɗa, da wata hula da ta sha baƙin mai har ta manta launinta. Motarsa tsohuwar Fijo ce akori-kura, wadda ba ta tashi sai an tura, in ta tashi kuma sai an lallaɓa ta take tsayawa. Da rana buhunan masara da gyaɗa yake kaiwa kasuwannin Rano da Kibiya. Da dare kuwa, motar nan ita ce ƙafar duk wani mara lafiya a garin. Wanda maciji ya sara, da yaron da zazzaɓi ya sumar, da macen da naƙuda ta yi wa gardama, duk ƙofar Gwadabe ake bugawa. Ba a taɓa jin ya ce a bari gari ya waye ba.

Tuƙin dare a hannun wani tsohon direba mai suna Alu ya koye shi, tun yana saurayi. Alu ne ya ba shi dabarar da ya riƙe duk rayuwarsa: idan mota ta taso maka da fitila ta ƙi ragewa, ka runtse idon dama, ka bi gefen hanya da na hagu. In ta wuce, hasken ya kashe na hagun, sai ka buɗe na dama ka same shi garau. “Ɗaya na hanya, ɗaya na ajiya,” in ji Alu. Gwadabe ya yi ta yin haka har abin ya zame masa jiki, ko tocila aka haska masa a zaure sai ka ga idon dama ya rufe da kansa. Abokansa na tasha suna tsokanarsa da cewa kashe wa motoci ido yake yi, ko a samu wata ta aure shi.

Da aka ƙaddamar da Shari'a aka ce a raba maza da mata a motocin haya, Gwadabe dariya ya yi, don shi tun fil'azal matansa a baya suke, kan katifa, suna nishi. Abin da ya dame shi a shekarun nan daban ne. Mulkin farar hula ya zo da manyan motoci masu farar fitila, irin wadda take shiga ido kamar an watsa barkono. Ya kuma zo da jiniya. Da can sai a shekara ba a ji kukanta ba, yanzu duk wanda ya ci wata 'yar kujera sai ya ɗora ta a rufin mota, ja da shuɗi suna walwali, shi kuwa talaka ya gangara jeji da sauran kayansa. Direbobin da Gwadabe ya sani a da, in sun haɗu suna rage wa juna fitila, gaisuwa ce wannan a wurinsu. Waɗannan na yanzu ba wanda ya koya musu gaisuwa.

A daidai wannan lokacin idonsa na hagu ya fara yana. Da farko hazo-hazo yake gani, sai ya ƙara kwalli. Daga baya duk fitilar da ta doso shi sai ta tarwatse a idon, ta zama farin bango. Ya yi ƙoƙarin juya dabarar, ya riƙa rufe na hagu yana kallo da na dama, kuma in yana cikin natsuwa yakan yi nasara. Matarsa Iya ce kaɗai ta gane, ranar da ta ga ya miƙa hannu zai ɗauki buta ya kama iska.

“Malam, ka je Kano a duba idon nan,” ta ce.

“Bari a gama kaka.”

Aka gama kaka, ya ce bari azumi ya wuce a sha ruwa. Aka sha ruwa, ya ce bari alhazai su dawo. Gaskiyar magana tsoro yake ji. Ranar da aka ce Gwadabe ba ya gani, ba mai sake ɗora masa buhu, kuma ba mai sake buga masa ƙofa da dare, shi kuwa bai san wane ne shi ba idan ba a buga ƙofar nan. Ya roƙi Iya ta rufa masa asiri, ta rufa, kuma har yau tana cizon yatsa.

Suna da 'yar fari, Saudat. Kamar yadda aka saba, daga shi har Iya ba mai kiran sunanta, kunyar ɗan fari ce. “Yarinyar nan” yake ce mata, ko kuma “ke”. Bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba. Amma duk ranar kasuwa sai ya dawo da rake ko alewa, ya ajiye a bakin randa ya ce, “Wannan na wanda ya tsinta ne,” alhali ya san wace ce ke ɗiban ruwa da yamma. Ta girma, ta auri wanda take so, wani saurayin unguwarsu mai suna Dalhatu, wanda ya taɓa jan motar burodi a Kano kafin ya dawo noma. Da cikinta na fari ya tsufa aka dawo da ita gidan iyayenta goyon ciki.

A bazarar shekarar zaɓe naƙuda ta kama ta. Aka wuni, aka kai dare, ungozoma ta fito tana share gumi ta ce wannan ya fi ƙarfinta, a tafi asibitin Rano. Aka shimfiɗa katifar nan da ta ɗauki matan rabin gari. Dalhatu, da labari ya kai masa, ya zo ya durƙusa nesa da ƙofa, kansa a ƙasa, kamar yadda suruki yake yi.

Iya ta ja mijinta gefe, ta rage murya. “Malam, ka ba Dalhatu makullin nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.”

Gwadabe ya dubi inda surukinsa yake durƙushe. In ya miƙa makulli, me zai ce? Ya ce wa mijin 'yarsa, a gaban maƙwabtan da suka fito tura mota, ni ba na gani? Ya kai 'ya'yan wasu lafiya shekara da shekaru, sai a kan tasa zai koma gefe?

“Hanyar nan ko a mafarki na san ta,” ya ce. “Shiga mu tafi.”

Iya da ungozoma suka shiga baya wajen Saudat, Dalhatu ya zauna a gaba ya takure jikin ƙofa. Tun kafin su kai Kibiya ya lura da yadda tsohon ya manna fuska da gilashi, yana karkata kai kamar kaza ta ga shaho. Maganar ta zo masa har baki: Baba, kawo in karɓe ka. Amma wane suruki ne zai ce wa uban matarsa ya sauka daga kujerarsa? Ya haɗiye ta. Mutum biyu ne a gaban motar nan, kowanne yana son yarinyar da ke baya fiye da ransa, kuma kunya ta ɗaure bakin kowa.

Sun wuce Kibiya, sun miƙa kwaltar Rano, sai ga kukan jiniya daga gaba. Ayarin wani babba ne aka taso daga gangamin siyasa. Motoci ne jere, kowace fitila a ɗage, ja da shuɗi suna juyawa a sama, sun cinye tsakiyar titi. Daidai lokacin Saudat ta yi wani irin ƙara a baya. Hankalin Gwadabe ya rabu biyu, natsuwar da yake juya dabararsa da ita ta tafi. Sabo turken wawa. Idon dama, mai lafiyar, ya rufe da kansa yadda Alu ya koya masa, ya bar hanya a hannun idon da ya riga ya mutu.

Fari fat ya gani, ba titi, ba gefe. Ya taka burki, ya murɗa sitiyari don ya ba su hanya, motar ta daki bakin kwalbati, ƙafar gaba ta karye, ta zube cikin rami ta kwanta a karkace. Ayarin ya wuce ba wanda ya waiwayo. Iya ta ce a can ƙarshensu har da motar ɗaukar marasa lafiya, tana walwali, tana bin masu lafiya a guje.

Ba wanda ya ji ciwo a faɗuwar. Lokaci ne kawai ya tafi, shi kuwa lokaci shi ne abin da Saudat ba ta da shi. Dalhatu ya tsaya a titi yana ɗaga hannu, amma da tsakar dare, a lokacin zaɓe, wa zai tsaya wa baƙo? Da ya gaji ya ruga wata ruga da ya hango wutarta. Kafin ya dawo da wani makiyayi da amalanken shanu, Saudat ta haihu a bayan motar, 'ya mace, jini kuma ya ɓalle ya ƙi tsayawa.

Aka ɗora ta a amalanke. Gwadabe ya kama katakon baya yana bi, yana tuntuɓe, don har lokacin ja da shuɗi ne kawai ke yawo a idonsa. Shanu ba su san gaggawa ba. Suna hango Rano, ladanai sun fara kiran assalatu, sai ya ji nishinta ya canza. Ya laluba ya kamo ƙafarta, ya ji sanyi.

“Saudatu,” ya ce. “Saudatu, ga Rano nan, mun iso.”

Wannan ne karo na farko da sunan ya fito daga bakinsa. Iya ta rantse cewa yarinyar ta motsa yatsun ƙafa, Allah ne masani. Ba ta shiga Rano da rai ba.

A zaman makoki mutane suka yi ta cewa tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, wasu kuma suna tsine wa masu jiniya. Gwadabe ya saurare su har suka gaji, sannan ya ce a gaban kowa, “Ni ne ba na gani. Na daɗe ba na gani.” Ya laluba aljihu ya ciro makulli ya miƙa wa Dalhatu. Dalhatu ya karɓa da hannu biyu, suka fashe da kuka tare, ranar ba wanda ya tuna da surukuta.

Dalhatu ya gyara motar, yanzu ƙofarsa ake bugawa. Shi ne ya kai surukin nasa asibiti a Kano aka cire yanar, idon ya buɗe tar, aikin bai ci ko wuni guda ba. Wannan ya fi komai yi wa Gwadabe ciwo. Bai sake taɓa sitiyari ba, da yamma ta yi yake juya wa titi baya.

Jaririyar ta rayu, aka mayar mata da sunan uwarta. Iya da sauran 'yan gida Mama suke ce mata, don su kauce wa sunan. Gwadabe ya ƙi. Kakanni kan tsokani jikokinsu mata da amarya, su yi ta faɗan cefane, shi bai taɓa yi ba. Ranar kasuwa yakan saya rake ya zauna a zaure, ba ya ajiyewa a bakin randa. Sai ya ɗaga murya yadda duk unguwa za ta ji, ya kira Saudatu. In ta zo da gudu ta ce, “Kaka, ga ni,” ya miƙa mata a hannunta. In ta juya za ta tafi, sai ya sake kira.