Malamin da Ke Awon Ƙosai

Ga shi can bakin tashar jirgin Kafanchan, siriri kamar sillen kara, da kwat a wannan rana, wuyansa na yawo cikin kwalar riga. Ɗaliban kasuwanci na kwaleji sun yi masa zobe gaban kaskon Martina mai ƙosai, shi kuma riƙe da ɗan sikeli.

Ɗaya-ɗaya yake auna ƙosan, yana ɗiga alama tsakanin layi biyu da ya ja a kwali.

"Duk wanda ya haura sama ko ya faɗo ƙasa, aiki ya kauce," in ji shi. "Ba a barinsa ya kai ga kwastoma."

Sai ya ɗauki wanda ya kauce, ya jefa shi baki. Ni dai na tsufa, na san taunar gwauron da ya kwana ba tuwo.

"Madam, sake wani kasko mu gani."

Martina ta harare shi, ta gyara zama. Ƙosai ya fito kai ɗaya, kamar ƙwan kaza guda. Yana aunawa, yana sakewa, yana haɗiyar yawu.

"Sa, duk suna cikin layi?" wata ɗaliba ta tambaya.

"Duka," ya ce, da muryar mai karɓar gaisuwar mutuwa. "Wannan shi ne inganci. Ku tafa mata."